Zauren Magatakarda: Ko In Koma Jimeta Don Gudun Harajin Gado?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun haɗu a kan magana ɗaya, gado da inda mutum zai zauna ya ƙarasa kwanakinsa. Na zaɓi biyar. Ga wanda yau ne farkon shigarsa wannan zaure: na yi shekara 31 ina magatakarda a ofishin noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubutawa da tabbatar da takardun ciniki da gado, a nan Garwa kafin in ajiye aiki. Ni ba alƙali ba ne, ba kuma lauya ba. Abin da na gani da idona a kan tebur shi nake faɗa, kuma ba na buga sunan kowa.

Daga wani Alhaji, unguwar Hausare, Garwa

Malam, ni ɗan kasuwa ne, shekaruna 68. Mahaifina daga Yola ya zo da fataucin goro, ni kuwa a nan aka haife ni. Ina da gidaje biyu, ɗaya da titir fonsiye (takardar mallakar fili ta gwamnati), ɗayan wanda na gada babu takarda. Ina da shaguna uku da shanu a hannun makiyayi wajen Adumri. In aka haɗa komai zai kai miliyan 80 na sefa. Matana biyu, 'ya'ya maza biyar, mata huɗu. Babban ɗana da ke aiki a Faransa ya ce a Najeriya babu harajin gado, a Kamaru akwai, kuma Turawa masu dabara gari suke sauyawa kafin su mutu don kada gwamnati ta ci rabon 'ya'yansu. Ya ce in sayar da komai in koma Jimeta, tunda dangina na can. Yaya ka gani?

*Amsa:* Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kada ka sayar da ko tubali ɗaya saboda wannan dalili. In zuciyarka na son Jimeta don dangi, wannan magana ce daban, zan zo kanta. Amma don haraji, a'a.

Ɗanka bai faɗi ƙarya ba. Najeriya ta taɓa kafa irin wannan haraji a 1979, ta soke shi a 1996. Abin da magada ke biya yanzu a can kuɗin kotu ne, in za su karɓi takardar izinin taɓa asusun banki ko sauya sunan gida, kuma kowace jiha da tata ƙa'ida. A Kamaru kuwa harajin yana nan cikin kundin haraji na ƙasa, ana biyansa a ofishin lampo, wato ofishin haraji, ranar da aka kai bayanin abin da mamaci ya bari. Hawa-hawa ne, gwargwadon yawan dukiya, kuma dokar kasafin kuɗi ta 2022 ta sassauta shi. Ɗaya ne a ƙasar gaba ɗaya. Wanda ya rasu a Garwa da wanda ya rasu a Marwa ko Ngaundere ko Duwala, ma'auni guda ake yi musu.

Abin da ɗanka bai duba ba shi ne gida ba ya bin mai shi ƙetare iyaka. Ko ka yi shekara ashirin a Jimeta aka binne ka a can, gidan Hausare yana ƙasar Kamaru, kuma ranar da 'ya'yanka za su mai da takardarsa da sunansu, a nan za su biya. Hanya ɗaya ce ta kuɓuta, ka sayar. To mu duba sayarwar. Gida mai titir dole sai a gaban noter ake cinikinsa, mai saye zai biya kuɗin rajista, kuma ka san ɗan kasuwa, zai zare shi ne daga farashin da zai taya maka. Dillali na da la'adarsa. Gidan da ba takarda kuwa ba ya yin daraja, domin mai saye rigima yake saye tare da shi. Sannan da zarar kasuwa ta ji Alhaji wane tashi zai yi, kowa sai ya naɗe hannu yana jiran ka gaji ka sallama. Na sha zama ina rubuta irin wannan ciniki, mai gida na sa hannu yana kau da kai.

Bayan haka ga canji. Farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati kusan naira 460 ce. A watan Yuni na shekarar aka saki naira, kafin 2024 ta yi nisa dala ta haura 1,500. Duk wanda ya sayar da gida a Garwa a 2022 ya mai da kuɗinsa naira ya ajiye, fiye da rabi ya narke ba tare da wani jami'in haraji ya taɓa ko sisi ba. Ba na cewa sefa ba ta da nata tarihin. Mu da muka ga Janairun 1994 mun kwana da kuɗi muka tashi da rabinsu. Amma tun 1999 sefa ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya. Mutum mai shekara 68 ba ya ɗaukar gumin shekara hamsin ya tsallaka da shi wannan kogi don gudun abin da bai kai ushirin asarar ba. Wannan shi ne gudun gara a faɗa wa zago.

Yanzu bari in faɗi abin da nake tsammanin shi ke hana ka barci, ko da ba ka rubuta ba. Ba nawa gwamnati za ta ɗauka ba, da wace doka za a raba. A Yola, Musulmi in ya rasu, kotun yanki tana raba gadonsa bisa mazhabar Malikiyya, kuma akwai kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a samanta. A nan ba haka abin yake ba. In iyali sun haɗa kai, malami ko alƙalin fada ya raba musu bisa fara'id, a yi taron dangi a rubuta, a kai kotun matakin farko ta ba da takardar magada, wadda a Faransanci ake kira jugement d'hérédité. Amma in ɗaya daga cikin magada ya ce shi bai yarda da kotun gargajiya ba, shari'ar tana iya komawa babbar kotu, can kuwa kundin dokar farar hula ake buɗewa, wanda ke daidaita ɗa namiji da 'ya mace. Wannan bambanci na gaske ne, kuma na san dattawan da suka mai da wani ɓangare na dukiyarsu Yola ko Mubi saboda shi. Sai dai ko shi ƙaura ba ta magance shi ga gidan da ke Garwa. Abin da ke magance shi shi ne 'ya'ya su ji rabon daga bakinka kana raye.

Lissafin naka ma ba mai wuya ba ne, in iyayenka sun riga mu gidan gaskiya kuma babu bashi ko wasiyya. Tumuni na miliyan 80 miliyan 10 ne, matanka biyu su raba biyar-biyar. Saura 70. Maza biyar kashi goma, mata huɗu kashi huɗu, kashi 14 ke nan, kowane kashi miliyan 5. Namiji 10, mace 5. Ka tara su bayan sallar Juma'a ka faɗa musu wannan da bakinka, ka kira malami da dattawa biyu su shaida.

Abin da ke cin gado a ƙasarmu ba lampo ba ne, Alhaji. Na gani a gidanmu. Mahaifinmu ya rasu ya bar gida ɗaya babba ba takarda, mu goma sha ɗaya. Muka ce ba ma so a ce mun yi gaggawar rabo, a bar shi tukuna. Shekara 19 aka yi ana bari. Cikin wannan lokaci yayyena biyu suka rasu, 'ya'yansu suka shigo cikin lissafi, magada suka zama talatin da wani abu. Wani maƙwabci ya ja katangarsa taku huɗu cikin filinmu, dattawan da suka san iyaka duk sun ƙare. Abin da muka kashe a zirga-zirgar kotu da awo ya ninka duk harajin da za mu biya sau da yawa, kuma har yau akwai ƙanwata da ba ta taka ƙofar gidana. Ni da nake rubuta wa mutane takardun gado kullum ban iya ceton namu ba, domin an riga an makara. Wannan ciwo ban warke daga shi ba.

Saboda haka ga aikin da ke gabanka. Gidan da ka gada, in mahaifinka ya gina shi ya zauna tun kafin 5 ga Agusta 1974, dokar ƙasa ta wannan shekarar ta ba ka damar neman titir kai tsaye. A ofishin sufurefe, wato shugaban gunduma, ake fara ajiye takardar nema, kwamiti ya fito da masu awo da jauro, wato mai unguwa, da maƙwabta, a kafa turakun iyaka. Yana cin lokaci, yana cin kuɗi, amma kai ne za ka iya nuna iyaka da sandarka, 'ya'yanka ba za su iya ba. In kana da 'yan'uwan da ke da rabo a gidan, a fara sallamarsu. Shanun Adumri a ƙirga su gaban shaidu a rubuta, da alamarsu. Bashin da kake bi da wanda ake binka su shiga littafi ɗaya. Ka duba ko auren matanka biyu duka an rubuta shi a meri, wato ofishin magajin gari, domin matar da a masallaci kawai aka ɗaura nata tana shan wahala a gaban kotun gwamnati kafin a karɓe ta. Kowane yaro ya zama yana da takardar haihuwa mai sunanka daidai, harafi bisa harafi.

Maganar Jimeta kuma. Garwa da Yola ƙasa ɗaya ce a wurin kakanninmu, Binuwai ɗaya muke sha, Turawa ne suka ja layi. Ba wanda zai ga laifinka in ka yi marmarin can. Amma ka tuna dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru ta 1968 ba ta yarda da ƙasa biyu ga baligi ba, kada ka tsufa da katin nan da katin can ka bar wa yara ruɗani. Ka kuma tambayi kanka waɗanne 'ya'ya ne za su kai ka asibiti da dare, wane masallaci ne za a lura ba ka zo Asuba ba. In amsar Hausare ce, ka zauna, ka riƙa zuwa Jimeta ziyara.

Daga wani malamin makaranta, Domayo, Marwa

Malam, da gaske ne a ƙasashen Turawa mutum yakan bar garinsu ya koma wani gari cikin ƙasa ɗaya saboda harajin gado? Ni abin ya yi mini kama da tatsuniya.

*Amsa:* Malam, da gaske ne, amma ba kamar yadda ake zuzuta shi ba.

Yana faruwa ne a ƙasashen da suka bar wa jihohi ko larduna ikon yanka wannan haraji. Misali mafi bayyana Ostareliya ce. Jihar Kwinslan, ƙarƙashin firimiyanta Joh Bjelke-Petersen, ta soke harajin gado daga farkon 1977. Tsofaffi masu abin hannu daga jihohin kudu suka fara kwasar dukiyarsu suna komawa gaɓar tekunta. Sauran jihohi suka ga za a bar su da kango, suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, gwamnatin tarayya ma ta soke nata a 1979. Cikin 'yan shekaru harajin ya ɓace daga ƙasar baki ɗaya, jiha ɗaya ce ta ja kowa.

A Sifaniya har yanzu ana cikin wannan ja-in-ja. Dokar ta ƙasa ce, amma kowane yanki na da ikon yin rangwame. Madrid tun 2007 take yafe kashi 99 cikin 100 ga 'ya'ya da ma'aurata da iyaye, Andalus ta bi ta a 2019, wasu yankuna kamar Asturiyas suka daɗe suna karɓa da nauyi. Abin da ya sa ƙaura ke da riba a can shi ne ga mazaunin ƙasar, yankin da mamaci yake zaune shi ke karɓar harajin gadon duka, har da gidajensa na wasu yankuna. Shi ya sa suka toshe ƙofar: ana duba inda mutum ya fi yawan kwana cikin shekara biyar na ƙarshen rayuwarsa. Ba a rubuta adireshin Madrid ana jinya a ce an tsira. Jami'ai kan bi takardun wutar lantarki da asibitin da yake zuwa su gane inda yake kwana da gaske. Beljiyam mai yankuna uku ita ma da ma'aunin shekara biyar take aiki.

Suwizalan tana da kanton 26, wato jihohinta, kowanne da dokarsa. Shwiz ba ta karɓar harajin gado, Obwalden ta soke nata a 2017, mafi yawan sauran sun yafe wa 'ya'ya. Hujjar da 'yan siyasa suka riƙa kawowa ita ce in ba a soke ba tsofaffin attajirai za su gudu maƙwabta. Wasu masana tattalin arziki biyu, Brülhart da Parchet, suka bi alƙaluman shekaru da yawa, suka fitar da sakamako a 2014: ƙaurar da aka yi ta tsoro kusan ba ta faru ba. Tsoron ne ya soke harajin, ba gudun mutane ba. A Amurka kuwa, inda wasu jihohi ke ɗora nasu a kan na tarayya, wasu kamar Fulorida ba sa karɓa, bincike ya nuna masu biliyoyin dala da suka manyanta suna sauya jiha da gaske.

Ni yadda na fahimce shi, wanda ke da gidaje a garuruwa uku da jirgin kansa, sauya adireshi a wurinsa kamar sauya riga ne, kuma abin da zai tsirar ya kai a yi don shi. Tsoho mai gida ɗaya da jikoki a bayan layi, ko Bature ne, ba ya tashi. Kuma abin da nake ƙi a wannan tsere shi ne in manya sun tsallake, asibiti da makarantar garin da suka bari sai a ɗora wa waɗanda ba su da ƙafar gudu.

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Liyon, Faransa

Baba, shekarata tara a nan. Mahaifina yana Ngaundere da gidaje da gona. Wata abokiyar aikina ta ce ranar da na ci gado Faransa za ta karɓi haraji a kan rabona ko da dukiyar tana Afirka. Har na fara tunanin komawa gida saboda wannan.

*Amsa:* 'Yata, abokiyarki ta san rabin magana. Dokar Faransa tana bin magaji, ba mamaci kaɗai ba. Wanda yake zaune a ƙasar lokacin da gado ya faɗo masa, kuma ya zauna aƙalla shekara shida cikin goma da suka wuce, ana iya neman haraji a kan abin da ya gada ko'ina yake a duniya. Ke kin cika wannan sharaɗi.

Amma abu biyu suna kare ki. Na farko, kowane ɗa ko 'ya ana yafe masa yuro 100,000 na farko daga gadon mahaifi, wato sefa miliyan 65 da dubu 595 da ɗari bakwai. Sai abin da ya haura nan ake yi wa haraji, daga kashi 5 har zuwa 45. Ki yi lissafin rabonki tsakanin 'yan'uwanki ki gani ko ya doshi wannan adadi. Mafi yawan gidajenmu ba sa zuwa ko kusa. Na biyu, akwai yarjejeniyar haraji tsakanin Faransa da Kamaru ta 21 ga Oktoba 1976, ta haɗa da gado, kuma a cikinta gida da fili ƙasar da suke ciki ce ke da haƙƙin harajinsu. In lokacin ya zo, Allah ya jinkirta shi, ki kai takardun ga noter a can Liyon ya duba miki, kada ki ɓoye.

In za ki dawo, ki dawo don ki riski mahaifinki da rai ki yi masa hidima da wannan ilimi naki. Wannan dalili ya isa.

Alhajin Hausare, ka nuna wa ɗanka wannan amsa. Yarjejeniyar Faransa da Najeriya ta 1990 a kan kuɗin shiga take, ba ta rufe gado ba. Rabonsa na miliyan 10 ƙasa yake da abin da ake yafewa, saboda haka ba abin da zai same shi ko ta ina. Amma da dukiyarka ta fi haka yawa, shawarar da ya ba ka ita ce za ta cire rabonsa daga inuwa ta kai shi rana.

Daga wani matashi, Gidar

Malam, da aka raba gadon kakanmu an cire kashi ɗaya cikin goma an ce ushira ce ta masu rabo. Ita ce harajin gado?

*Amsa:* A'a ɗana, abu biyu ne daban. Ushira tsohuwar al'ada ce, sunanta daga Larabci, ɗaya bisa goma. A da alƙali ko fada ke cire ta in an raba gado, a Arewacin Najeriya zamanin Turawa baitulmalin En'e take shiga, a ƙasashen lamido na nan ma an san ta. Ba ta cikin kundin haraji na Kamaru, kuma biyanta ba ya sauke muku na gwamnati in kun zo sauya takardar gida. A fiƙihu abin da ake fitarwa kafin rabo sananne ne: kuɗin jana'iza, bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Mai rabo yana da ladan aikinsa gwargwadon wahalarsa, da yardar magada. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa ƙwace dukiyar mamaci cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. In za a kira masu rabo nan gaba, a yi jinga da su tun kafin a buɗe akwati, musamman in akwai marayu cikin magada.

Daga wata mai takaba, Kusiri

Baba, maigidana ya rasu wata biyu da suka wuce. Kasuwancinsa tsakanin nan da Njamena ne. Ya bar gidan da muke ciki a Kusiri, da gida da shago a Njamena da ake haya. Ni kaɗai ce matarsa, muna da ɗa namiji mai shekara 11 da mata uku, iyayensa sun rasu. Ƙannensa sun ce kada a bayyana dukiyar Njamena, wai gwamnatin Cadi za ta cinye ta da haraji, a bar ta da sunan marigayi, ɗayansu zai riƙa karɓar haya. Sun ce in zauna a Kusiri in yi shiru. Ni kuma ina tunanin komawa Njamena kusa da gidan.

*Amsa:* Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya raya abin da ya bari. Wasiƙarki ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duka na watan nan.

Ki fara sanin matsayinki. Tunda akwai ɗa namiji, ƙannen marigayi ba su da ko dala a wannan gado. Ke kina da tumuni. Saura a kasa biyar, yaron ya ɗauki biyu, 'yan matan ɗaya-ɗaya. Kuɗin hayar da ke fitowa daga Njamena tun ranar rasuwa naku ne ku biyar, kuma kashi bakwai cikin takwas na marayu ne. Ba na zargin zuciyar kowa, wataƙila da gaske tsoron hukuma suke. Amma a shekarun da na yi a kan wancan tebur, kalmar “a bar shi da sunan marigayi” na ji ta fiye da ƙirge, kuma ban tuna sau ɗaya da ta ƙare da alheri ga yara ba. Mai karɓar haya yau, bayan shekara goma 'yan haya shi suka sani, mai unguwa shi ya sani, yaron da ya girma a ƙetaren kogi ya zo a tambaye shi ɗan wa ne. Haraji sau ɗaya ake biyansa, da rasit. Wannan kuwa kowane wata ake cirewa.

Ƙasa biyu, fayil biyu. Na Kusiri a kotun Kusiri: takardar mutuwa, takardar aure, takardun haihuwar yara, rubutaccen taron dangi, sai takardar magada da ke nuna wanda zai kula da rabon yara. Na Njamena a can za a bi shi, domin dokokin filaye na Cadi na 22 ga Yuli 1967 su ke hukunci a kan gidan. Musulmi a Njamena sukan fara da malaman Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci su fitar da rabo a rubuce, sannan a bi ta kotu da noter a sauya suna. Sauƙin da kike da shi, wanda Alhajin Garwa ba shi da shi, kuɗin ɗaya ne. Kamaru da Cadi duk suna cikin CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu kuɗi ɗaya, sefar Kusiri ita ce ta Njamena, ba ɗan canji tsakaninku.

Maganar tashi kuwa, ki ƙarasa takabarki a ɗakinki, wata huɗu da kwana goma. Kafin nan ki wakilta ɗan'uwanki na jini, ba na miji ba, ya tsallaka gadar Ngeli ya gana da 'yan haya, ya rubuto sunayensu da abin da kowa ke biya da watan da ya tsaya. Bayan kin fita, ba lallai ne ki kwashe yara daga makarantarsu ba. Tsakanin Kusiri da Njamena tafiyar safe ce a dawo da yamma. Ki riƙa zuwa da kanki kowane ƙarshen wata, ki riƙe hannun yaron, 'yan haya su san fuskarsa. Ki buɗe littafi, kowane wata ki rubuta abin da ya shigo da rabon kowane yaro, ki nuna wa baffanninsu da kanki don kada zumunci ya yanke.

Abu ɗaya nake so ki nemo kafin komai: ainihin takardar gidan Njamena, ba hotonta ba. Ki duba sunan wa ke kai, ki duba a hannun wa take yanzu, sannan ki sake rubuto mini.